Na Ɓoye Gyaɗa a Garin Kunu, Na Kusa Kashe Ɗan Mutane

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, muna haya a unguwar Yara a cikin garin Keffi, takardar digirina kuma tana kwance a ƙasan akwati. A nan garin na yi jami'a, na je na yi bautar ƙasa na dawo, na yi ta yawon kai takardu ma'aikatu tsakanin Abuja da Lafiya har na gaji na bari. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a Abuja. Yana idar da sallar asuba yake fita neman mota, ba ya dawowa sai ya gama shan cunkoson Nyanya da Mararaba, kuma kusan rabin albashinsa a hanya yake ƙarewa. Ni kuwa mace ce mai zafin nema, zaman jiran a ba ni yana ci mini rai. Sai dai ina da wani hali wanda a lokacin nake ɗaukarsa a matsayin wayo: duk abin da na sa a gaba, gani nake na fi kowa saninsa, wanda ya yi ƙoƙarin gyara mini kuwa sai in sa shi a layin masu baƙin ciki.

Akwai wani garin kunu da mahaifiyata ta koya mini tun ina budurwa. Gero ne da alkama da waken soya da dabino da gyaɗa, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. Da shi na yaye 'ya'yana, suka yi ɓul-ɓul har mata suna tare ni a asibiti ranar rigakafi suna tambayar abin da nake ba su. Wata rana na ɗauki hoton ƙaramar 'yata tana shan kunun na sa a shafina na sada zumunta, na rubuta cewa mai so ta yi magana. Kafin mako ya zagayo wayata ta hana ni sakat. Yawancin masu saye mata ne ma'aikata da ke zaune a Masaka da Ado da Mararaba da sababbin rukunan gidajen da ake ta ginawa a bakin hanyar Abuja, matan da ke fita da duku-duku su bar jarirai a hannun masu raino, ba su da lokacin surfe da suya da niƙa. Su turo kuɗi ta asusuna, ni kuma in ƙulla a leda in kai tasha in ba direba. Ban taɓa ganin fuskar mafi yawansu ba, su ma ba su san ni ba. A tsakar gida nake suya, in kai injin unguwa inda ake niƙa barkono da komai a niƙa mini, in zauna a tabarma in ɗura. A zuciyata ba kamfani na buɗe ba, taimakon mata 'yan'uwana nake yi ina samun na cefane, don haka maganar doka ko sau ɗaya ba ta zo mini a rai ba.

Da kasuwa ta buɗe, sai wasu daga cikin matan Abuja suka fara tambaya ko kayana yana da lambar rajista ta hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna. Na je wurin wani mai buga takardu kusa da kasuwa don ya yi mini sitika mai kyau, na yi masa ƙorafin tambayar da ake damuna da ita. Ya yi dariya ya ce wannan ai ba abin damuwa ba ne, kowa haka yake yi, babu mai bin lamba ya duba. Ya ɗauko wata ledar biskit a kan teburinsa, ya kwafi lambar da ke jiki ya dasa a ƙasan sunan kayana. Ba zan ɗora masa laifi ba, domin ina tsaye a kansa, na gani, kuma na ji daɗi. Ni da kaina na ce ya ƙara da cewa garin yana maganin rama, yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro, ya dace da jariri tun daga wata huɗu. Babu wanda ya gwada ya tabbatar mini da ko ɗaya daga ciki. Da ya tambaye ni ko za a jera abubuwan da ke cikin garin, na ce a'a, saboda a lokacin wata mata a Jigwada ta fara sayar da irin nawa, kuma na tabbatar wa kaina cewa leƙen asirina ta yi.

Mutum biyu suka ja mini kunne. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Eggon da ta daɗe tana aikin jinya, ta ɗauki leda ɗaya ta juya ta gaba da baya, ta ce da ni, "'Yata, abin da zai shiga cikin jariri ba a ɓoye shi. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko waken soya, na gan su da idona." Na ce mata to Mama, na gode, amma a raina na ce wannan cutar 'ya'yan Turawa ce, mu da muka tashi da ƙuliƙuli a hannu wa gyaɗa ta taɓa kashewa. Maigidana shi ma da ya ga lambar ya tambaye ni yaushe na yi rajista bai sani ba. Na ce masa ana kan yi, lambar wucin gadi ce. Ya dube ni, amma gajiyar hanya ba ta bar shi ya bi diddigi ba. Ƙaryar da na yi masa ke nan, kuma har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ana nan sai wata mata ta yi mini magana ta waya a rubuce. Ta ce ɗanta ya isa fara cin abinci, tana so ta saya, amma in faɗa mata duk abin da ke ciki. Yadda ta nace da tambayar ya sa na ɗauka 'yar aiken matar Jigwada ce. Sai na rubuta mata cewa hatsi ne zalla da dabino, babu wani abu. Ta sake tambaya ko na tabbata, na ce ta dubi lambar hukuma a jikin ledar, ai ba a ba da ita a banza. Ta yi godiya, ta turo kuɗi, na kai tasha. Har na yi wa kaina murmushi wai na yi maganin mai leƙen asiri.

Bayan kwana biyu, da hantsi ina tsakiyar suyar waken soya, sai ga kiranta. Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Ba zagi take yi ba, ihu take tana haɗa Hausa da Turanci, tana cewa in faɗa mata gaskiya don likita yana tsaye yana jira, akwai gyaɗa a ciki ko babu. Ta ce cokali kaɗan yaron ya sha, leɓɓansa suka kumbura, fuskarsa ta haye, numfashinsa yana fita da ƙyar kamar ana shaƙe shi. Ashe an riga an gano tun baya cewa jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa, shi ya sa ta yi ta nanata tambayar. Na ce akwai. Na ji ta maimaita wa likitan, sai wayar ta katse. Abin da na yi bayan nan shi ne mafi muni a duk labarin: tsoro ya kama ni, na toshe lambarta, na goge hirarmu, na kashe wayar na cusa a ƙarƙashin katifa. Waken ya ƙone a kasko ina zaune ina kallonsa. Kwanaki na yi ban san ko yaron yana raye ko ya mutu ba, ba na iya cin abinci, amma duk da haka ban faɗa wa kowa ba, har maigidana.

Na ɗauka shiru zai binne maganar. Da na ga mako biyu sun wuce sai na kunna waya, na ci gaba da karɓar oda a hankali. A cikin masu sayen akwai wani mutum da ya ce shago gare shi, yana son kaya da yawa, zai zo har gida ya ɗauka. Ranar da ya zo, da rana tsaka, ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikatan hukumar ne, da mace ɗaya a cikinsu da jami'an tsaro. Suka nuna mini shaidarsu, suka ce mahaifiyar yaron ta kai ƙara da ledar da hoton hirarmu, kuma sun duba lambar sun ga ta wani biskit ce. Abin da na fara tambaya shi ne yaron. Matar da ke cikinsu ta ce yana raye, ya kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman amma an sallame shi. A nan na zube a ƙasa ina kuka ina hamdala. Suka kwashe buhuna da ledoji da sitikun, suka rufe ɗakin da nake ajiya, suka ce in biyo su. Na fito da mayafi a karkace, unguwa ta cika ƙofar gida, matan da jiya suke kirana Hajiya mai kamfani suna leƙe ta kan katanga. Maƙwabciyata mai aikin jinya ce kaɗai ta ratso mutane ta karɓi 'ya'yana, ta ce in tafi, suna hannunta. Ba ta ce ai na faɗa miki ba, ko a ranar ko bayanta.

A ofishinsu babu wanda ya wulaƙanta ni, kuma wannan ya fi duka zafi. Jami'ar da ta ɗauki bayanina ta zaunar da ni ta yi mini dalla-dalla. Ta ce duk abincin da aka sarrafa aka ƙulla aka sa wa suna don sayarwa, da magani, da man shafawa, sai an yi masa rajista kafin ya shiga hannun mutane, kuma sayarwa ta waya ba ta fitar da kowa daga wannan doka. Ta ce sa lambar da ba tawa ba laifi ne mai zaman kansa wanda zai iya kai ni gidan yari, ɓoye abin da ke cikin abinci wani laifin ne, cewa kaya yana magani ba tare da an tabbatar ba shi ma haka. Na ce mata wallahi ban sani ba. Ta dube ni ta ce wasu abubuwan ta yarda ban sani ba, amma lambar fa, ita ma ban sani ba ne? Na sunkuyar da kai. Maigidana ya baro aiki ya zo ya tsaya mini aka ba da belina. Da muka iso Keffi, a ƙofar gida ya ce abin da ya fi ƙona masa rai ba kamun ba ne, kwanakin da na yi ina kwana kusa da shi da wannan abu a cikina ban faɗa masa ba.

Maganar ta ɗauki watanni. Muka ɗauki lauya, aka yi ta zuwa ana dawowa, aka lalata kayana gaba ɗaya, aka ci ni tara, na sa hannu cewa zan janye duk abin da na sayar. Filin da maigidana ya daɗe yana tattali a bayan gari, wanda muke sa ran ginawa mu huta da haya, shi aka sayar aka biya tara da lauya da kuɗin asibitin yaron. Lauyan ne ya ƙara buɗe mini ido a kan sauran ramukan da nake tafiya a bakinsu ban sani ba. Sunan da nake kasuwanci da shi ban yi masa rajista ba, ko wani ya ɗauke shi ba ni da bakin magana. Kuɗin ciniki a asusuna na kaina suke shiga, babu rasit, babu lambar haraji. Hotunan 'ya'yan mutane da iyayensu ke turo mini ina bazawa a shafi don talla, ban taɓa neman izinin kowa ba, kuma ya ce wannan kaɗai ya isa a maka ni a kotu. Na rubuta sanarwa a shafina da hannuna, na ce lambar da ke jikin kayana ta ƙarya ce, akwai gyaɗa da waken soya a ciki, duk mai sauran gari ta daina ba yaro ta karɓi kuɗinta. Zagin da na sha a ƙarƙashin wannan sanarwa ba zai faɗu ba, kuma ban goge ko ɗaya ba.

Na roƙi lauya ya nema mini izinin ganin mahaifiyar yaron. Da farko ta ƙi, daga baya ta yarda. Muka je gidanta a Mararaba ni da maigidana da maƙwabciyata. Ma'aikaciya ce kamar sauran, ɗan nan shi ne na farinta bayan shekaru tana nema. Yana zaune a kan cinyarta yana wasa da makullin mota, yaro kyakkyawa mai manyan idanu. Na durƙusa na ce Madam ki yafe mini, ban san yana da wannan lalura ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ba sai kin san lalurarsa ba. Ni na sani, shi ya sa na tambaye ki. Kalma ɗaya ce kawai, gyaɗa. Kuma da kika toshe ni, ina tsaye a bakin ɗakin da aka shiga da shi, likita yana so ya san sauran abin da ke ciki." Ta ce ta yafe saboda Allah ya bar mata ɗanta, amma ba ta so ta sake ganina. Na ce ta yi mini adalci.

Bayan ƙura ta lafa, masu ba da shawara suka yi yawa. Wasu suka ce in canza suna da lambar waya in buɗe sabon shafi, wa zai gane ni. Dangin maigidana kuma suka ce in haƙura da sana'a gaba ɗaya, na jawo musu abin kunya ya isa. Na ƙi duka biyun. Na ce wa maigidana garin nan ba shi ya yi laifi ba, ni ce, kuma ina so in koma in yi shi yadda ya kamata ko da zai ɗauke ni shekaru, da sunana na gaskiya, a garin nan da aka ga an fito da ni. Ya ce ya amince da sharaɗi ɗaya, kada in sake ɓoye masa komai, mai daɗi ko marar daɗi. Na fara koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina yin darasi ga yara da yamma, ina tarawa. Na yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, na karɓi lambar haraji, na buɗe asusu da sunan kasuwancin. Sannan na koma ofishin nan da aka taɓa kai ni a matsayin mai laifi, na nemi jami'ar da ta ɗauki bayanina, na ce na zo a koya mini. Ta yi mamaki, ta jawo mini kujera.

A nan na ji abin da ya kusa karya mini gwiwa. Ta ce abincin jarirai yana da sharuɗɗa masu tsauri waɗanda ƙaramin wuri irin nawa ba zai iya cikawa ba. Ke nan kasuwar da na fi samu a cikinta ta rufe mini. Na yi kuka, na share hawaye, na ce to a yi wa garin kunu na manya da yaran da suka tasa. Na kama shago biyu a jere, na sa tayil da silin da raga a tagogi, na sayi ƙaramin injin niƙa nawa, na je aka yi mini gwajin lafiya na masu taɓa abinci. Zuwan farko da masu dubawa suka yi ba su amince ba, suka ce wurin ajiyar ɗanyen hatsi ya yi kusa da wurin ɗuri, kuma babu wurin wanke hannu a bakin ƙofa. Na rushe, na gyara, na sake kiransu. Aka ɗauki samfur aka kai ɗakin gwaji, na yi ta jira har na fara tunanin an manta da ni. Ranar da lambata ta fito, tawa ta kaina, na zauna a cikin shagon ni kaɗai na daɗe ina kallonta. Yanzu a jikin kowace leda akwai duk abin da ke ciki, da gargaɗi da manyan baƙaƙe ga wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko waken soya, da ranar yi da ranar lalacewa, da adireshin da za a same ni. Ban ce yana maganin komai ba, kunu ne. Duk wanda ya saya yana da rasit, wanda kayansa ya iso a lalace ina canza masa ko in mayar masa da kuɗinsa. Cinikin bai kai na da ba tukuna, har yanzu muna haya, kuma akwai matan da ko kyauta na ba su ba za su karɓa ba. Ban ga laifinsu ba.

Abin da na koya shi ne, waya tana sa mutum ya manta cewa a ɗaya gefen akwai rai. Kana ganin saƙon shigar kuɗi, ba ka ganin bakin da zai ci abin da ka aika. Dokokin nan da nake ɗauka wahalar da talaka ce, an yi su ne saboda wanda ba zai iya zuwa tsakar gidanka ya ga yadda kake haɗa kayanka ba, bai da abin riƙewa sai abin da ka rubuta. Ina kira ga 'yan'uwana mata, da ɗaliban da ke sayar da man gyaran fata da haɗin ƙiba da na rage tumbi daga ɗakunan kwanansu, da samarin da ke tallar magani a shafukansu: kafin ku sa hoto na farko, ku je ku tambaya. Ku yi wa sunanku rajista, ku san ko abin da kuke sayarwa yana buƙatar izinin hukuma, ku rubuta gaskiyar abin da ke ciki, kada ku yi alkawarin da ba ku gwada ba, kada ku sa hoton kowa sai da yardarsa. Tambaya a ofisoshin nan ba ta kai tsadar da ake tsoratar da mu ba, kuma ko ta kai, ba ta kai tsayuwa a gaban uwar da ka kusa raba ta da ɗanta ba. Idan kuma kuskure ya riga ya faru, kada ku kashe waya.

A yanzu haka da nake wannan rubutu, akwai buhunan tamba jibge a shagona. Na haɗa sabon gari, na miƙa shi rajista, ana kan gwaji. Kullum sai an kira ni ana cewa in ɗan saki ko leda goma a ɓoye, azumi ya matso, kasuwa za ta wuce ni. Amsata ɗaya ce ga kowa: ta wuce. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita daga ƙofar nan ba sai ranar da aka ce mini ta halatta.